Wuƙaƙena a But Ɗin Surukina

Ko da tsufa zai kwashe mini komai daga kai, ba na jin zai iya kwashe ranar sunan jikana a Birmingham. Ba ma sunan ba, hanyar zuwa sunan.

Bari in fara gaya muku ko ni wace ce, kada ku ɗauka wata tsohuwa ce da ba ta taɓa leƙa ƙofar gida ba. Ban yi boko ba ko na yini ɗaya, amma girkin biki na yi shi tun ina da ƙarfina har gwiwoyina suka ce sun gaji. Daga Kano an ɗauke ni zuwa Zariya, an kai ni Kaduna, an kai ni Jos, har Abuja, ni da tukwanena da matan da ke taya ni. Wanda ya yi irin wannan yawon kuwa ya san shingen 'yan sanda kamar tsakar gidansa. Ni har dabara gare ni. Da zarar an ɗaga wa direba hannu, ba na jiran a ce komai. Ni ce farkon fita, in ce "Sannu da aiki, ɗana, ya rana?" in zagaya baya in buɗe kayana da hannuna, in nuna masa tukunya, in nuna masa ludayi, in akwai soyayyen nama in miƙa masa tsoka. Kafin direba ya gama laluben takardunsa an ce mu tafi. Direbobi har rububin ɗaukata suke yi. (To, su biyu ne dai, amma sun yi rububin.)

Da wannan ilimin na zo Ingila, wajen autata Hadiza da mijinta. Mijin nata likita ne, Dakta nake ce masa, sunansa bai taɓa fita daga bakina ba. Tsakanina da shi gaisuwa ce daga nesa. Shi ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce "An tashi lafiya?" ni in juya kai gefe in ce "Lafiya lau, an gode." Ko abinci ban taɓa ci a gabansa ba, in ya shigo falo ina tauna sai in tsaya da lomar a kumatu har ya wuce. Gidan nasu kuwa ɗan ƙarami ne a kusa da Fallowfield, unguwar 'yan jami'a a wani gari mai nisa da Birmingham, inda in ka yi tari a ɗaki maƙwabci zai ce maka sannu. Ku duba irin wahalar da kunya ke sha a irin wannan gida.

Akwai abin da Hadiza ta sha ja mini kunne a kai. Ta ce, "Hajiya, Dakta yana jiran takardar zama ta dindindin. In sunansa ya shiga wajen 'yan sanda, ko a kan ƙaramin abu ne, sai ya kai rahoto wajen aiki, kuma takardar tana iya lalacewa. Shi ya sa kika ga yana tuƙi kamar ya ɗauko ƙwai." Na ce mata na ji. Kuma na ji ɗin. Ban dai taɓa kawowa a raina cewa ni ce zan jawo ba.

To, matar ɗana Bashir ta haihu a Birmingham, a unguwar Erdington suke zaune. Hadiza ta riga mu tafiya don ta kula da mai jego, ni kuma aka ce in tsaya in ga GP, wato likitan unguwa, saboda hawan jini, ranar jajiberin suna Dakta ya kawo ni. Na kira Bashir a waya na ce, "Ragon nan kada ka bari mahaucin nan na Sparkhill ya saka shi a inji. Injin nan farfasa ƙashi yake yi, mutum yana cin nama yana tofar da tsakuwa. A yanka, a feɗe, a kawo mini shi ɗungurungum." Ya ce, "Hajiya, wuƙaƙen gidan nan ba za su iya ba fa." Na ce, "Wa ya ce maka da naku zan yi?"

Kayan aikina tun daga Kano na zo da su a cikin babbar jaka: adda guda, manyan wuƙaƙe biyu, 'yar gatarin sara ƙashi, da dutsen wasawa. Maƙeri ɗaya ne ya yi mini su duka. Da safe Dakta yana wanka na ɗauki makullin mota a kan tebur, na naɗe su a tsohon zani, na tura su but ƙarƙashin buhun shinkafa da robar yaji. Ban gaya masa ba. Ina dalilin da zan tsaya yi wa suruki bayanin wuƙa? Ashe da na rufe but ɗin, bakin zanin ya leƙo waje.

Muka kama hanya, shi a gaba ni a baya, rediyo na karatun Alƙur'ani don ya cike shirun. Maganarmu a duk tsawon babban titin nan ba ta wuce "A ƙara ɗumi?" da "A'a, ya isa" ba. Sai da muka sauka daga babban titi muka shiga gari, ga shaguna ga mutane, har na fara gyara ɗankwali, sai na ga wuta shuɗiya tana walƙiya a bayanmu.

Dakta ya gangara gefe ya kashe mota. Ya ɗora hannuwansa biyu a kan sitiyari, bai juyo ba ya ce, "Hajiya, 'yan sanda ne. A zauna kawai, kada a fito. A nan suna da ikon tsayar da mota su nemi lasisi, amma ba sa bincike sai da dalili. Zan yi magana da su, yanzu za mu tafi."

Na ce, "To."

A raina kuwa cewa na yi, Allah sarki, yaron kirki, ga ilimi amma bai san hanya ba. Mutum ya zauna daram a mota ɗan sanda yana tsaye, ai raini ne. Haka ake jawo wa kai yini a bakin titi.

Su biyu ne, namiji dogo mai jan gemu da mace 'yar gajera. Namijin ya sunkuya ta tagar Dakta yana magana da fara'a, yana nuni da baya. Daga baya na ji abin da ya ce: wai wani ƙyalle ne ya rufe lambar mota, a gyara a wuce. Shi ke nan fa abin da ya tsayar da mu. Ni kuwa da na ga yana nuna baya, na ce ai ga shi, but yake so a buɗe, Dakta yana ta ja masa Turanci. Na kwance bel, na buɗe ƙofa, na sauko da ƙafar dama da bismillah.

Na ji Dakta ya ce, "Hajiya..." Ban tsaya ba.

Na ce wa macen, "Sannu da aiki, 'yata, ya sanyi?" Ta yi murmushi ta ce wani abu. Na zagaya, na danna maɓallin but, na ɗage buhun shinkafa (da gwiwar da na ce muku ta gaji), na jawo ƙullina na warware shi a kan robar yaji. Ga adda tana ƙyalli, don sai da na wasa ta daren jiya. Kuma don su tabbatar ba abin da nake ɓoyewa, na ɗauke ta na ɗaga sama, har na gwada kaifinta da babban yatsa yadda suka gani.

Murmushin yarinyar nan ya ɗauke kamar an kashe fitila. Namijin ya ja da baya, hannu ɗaya a ɗamararsa, ɗaya ya miƙo mini tafinsa, muryarsa ta canja gaba ɗaya. Wata mata da ke tura keken jariri a gefen titi ta juya ta koma inda ta fito.

Sai na ji muryar Dakta daga cikin mota, a hankali, irin muryar da ake yi wa mara lafiya. "Hajiya, a ajiye addar. A ƙasa. Sannu a hankali. A buɗe hannu su gani."

Na ajiye. A nan ne cikina ya fara gaya mini cewa wannan ba hanyar Zariya ba ce.

Suka ce Dakta ya fito. Na dube shi, mutumin da ke da haske dama, ya koma kamar an shafa masa toka. Ya kalli addar, ya kalli gatarin, ya kalle ni, karo na farko tun aurensu da muka haɗa ido. Ya nemi izini zai yi mini tafinta, suka yarda.

Ɗan sandan ya gyara tsayuwa, ya faɗi sunansa, ya faɗi ofishin da yake aiki, ya faɗi dalilin da zai sa ya binciki motar. Ashe doka ce ta ɗora masa faɗin haka kafin ya taɓa komai. Ni kuwa da Dakta ya fassara, sai na ga ai yaron ya san ya kamata, ya gabatar da kansa ga babba. Na ce, "Madalla. Gaya masa ni ma sunana, ka ce 'yar Malam Sule ce ta Kano, mahaifina ma ya yi dogari, duk gida ne." Dakta ya faɗi wata gajeriyar magana da Turanci. Na tabbata bai kai dogarin ba.

Suka fito da komai. Shinkafa, yaji, daddawa (macen ta shinshina ta kawar da kai, ban ga laifinta ba), kayan jariri, turmin atamfar mai jego. Namijin ya tambayi Dakta motar wa ce. Tasa. Ya san da wuƙaƙen? Dakta ya ce bai sani ba, amma ya san ko na mene ne. Na ga ɗan sandan ya ciro waya yana duba lasisin Dakta yana latsawa, maganar Hadiza ta faɗo mini a ƙirji kamar dutse. Shekarun da bawan Allah nan ya yi yana kwana asibiti, yana bin doka kamar mai bin liman, ga shi tsohuwa ta zo da adda za ta sare masa su a bakin titi.

Dakta ya yi musu bayani a nutse. Ya ce mini, "Na gaya musu dokarsu ta yarda a ɗauki wuƙa in da ƙwaƙƙwaran dalili, kamar aiki. Na ce girki ne sana'ar Hajiya, gobe suna, rago na jira." Ɗan sandan ya ce da wa zai tabbatar. Aka kira Bashir ta bidiyo.

Bashir ya ɗauka yana cewa, "Kun iso ne? Hajiya ta zo da makaman nata?"

Dakta ya ce, "Bashir, ɗan sanda na kallonka. Nuna masa ragon."

Sai ga rago feɗaɗɗe kwance a kan teburin kicin, ƙafafu huɗu a sama, Hadiza a bayansa da ludayi tana tambayar lafiya. Ɗan sandan ya daɗe yana kallon ragon. Na ga gemunsa yana motsi, alamar dariya na neman hanya. Na ce alhamdu lillahi, an wuce wajen.

Sai macen ta yi wata tambaya. Dakta ya fassara yana kallon ƙasa. "Wai ko akwai wani abu mai kaifi a jikin Hajiya."

Akwai.

Wata 'yar wuƙa ce mai kube na fata, ba ta fi tsawon tafin hannu ba. Ta mahaifiyata ce. Duk ɗan da na haifa, da duk jikan da aka haifa ina kusa, sai da ta kwana a ƙarƙashin shimfiɗarsa wajen kai har a yi arba'in, saboda iska da masu mugun ido. Hadiza da Dakta camfi suke ce wa wannan, na kuma nuna musu na bari tun da na fara zuwa Islamiyya. Ba a haɗa ta da wuƙar nama, shi ya sa na ɗaure ta da igiya a ƙuguna, can ciki.

Na so in ce babu. Amma na ga in aka laluba aka samu, ƙaryata a kan Dakta za ta faɗa. Na ce, "Akwai guda."

Dakta ya rufe ido ya buɗe. Ya juya yana gaya wa macen cewa ni dattijuwa ce, yana roƙon in za a duba a yi a inda ba idon jama'a, kuma mace ta yi, hakkina ne. Ita ma tana gyaɗa kai tana nuna motarsu. Wato an shirya rufa mini asiri tsaf. Amma ni da ba na jin Turanci, kuma har yanzu ban daddara ba, na ce a raina gara in fito da ita da kaina a gama. Na yaye mayafi, na tattare doguwar riga, na kama bakin zani na ɗage har ƙugu.

Na manta abin da ke ƙasa.

Sanyin ƙasar nan ba ya jin zani, ko guda nawa ka ɗaura. Tun farkon hunturu na ga wani wando mai kauri a kan abin shanya, ruwan toka, mai laushi a ciki kamar bargo, da tabon dutsen guga a gwiwar hagu. Na ce bari in ara na yini ɗaya. Da na ji daɗinsa ban mayar ba. Wandon Dakta ne, wanda yake sawa in zai fita gudu da safe. Ya neme shi har ya gaji. An zazzage kwandon wanki, an leƙa bayan injin wanki, Hadiza har ta zargi iska da ɗauke shi zuwa gidan maƙwabta. Ni kaina na taya su nema, ina cewa "Ikon Allah, abu a cikin gida," alhali yana jikina.

To ga ni tsaye a bakin titin Birmingham, rana tsaka, zani a hannu, wandon surukina a ƙafa, tabon guga na kallon mai shi.

Dakta ya kalli gwiwata ta hagu. Sannan ya ɗaga kai ya kama karanta allon wani shagon kifi da ke tsallaken titi, kamar za a yi masa jarrabawa a kai. Ni kuwa igiyar ta ƙi kwantuwa, na kasa sakin zanin na kasa ciro wuƙar. Sai da yarinyar nan ta matso ta tare ni da jikinta, ta kwance ƙullin da kanta, ta sauke mini zanin har ƙasa ta gyara shi. Allah ya yi mata albarka ko ina take. Na ce mata "tankiyu" ya fi a ƙirga, shi ke nan Turancin da na mallaka.

Ta tambaya ita kuma wannan ta mece ce. Haka na tsaya na yi bayanin iska da mugun ido, Dakta na fassarawa da fuskar mai karanta sakamakon gwajin jini.

Suka koma gefe suka yi shawara. Da suka dawo Dakta ya ce, "Na girkin sun yarda, a naɗe su a but, kada a buɗe sai an shiga gida. Amma ƙaramar, a jiki aka ɗauke ta a bainar jama'a, kuma dalilin ba ya cikin waɗanda doka ta sani. Sun ce saboda shekaru, in an miƙa musu ita da yardar rai, za su ja kunne kawai magana ta ƙare a nan." Sannan ya ƙara da cewa, "Na gaya musu gado ce. In ana so, sai mu bi su ofis in yi bayani a rubuce, wataƙila a dawo da ita."

Na dube shi. Ya san abin da zuwa ofis zai iya jawo masa, ya fi ni sani, kuma yanzun nan ya gama ganin wandonsa a jikina, amma ya ce mu je.

Na karɓi wuƙar daga hannun yarinyar, na shafa kuben sau ɗaya, na mayar mata da hannu biyu. Na ce, "Gaya mata ta riƙe. In Allah ya ba ta haihuwa ta san inda ake sawa." Wannan kam na ga ya fassara, don ta yi dariya har da dafa ƙirji. Namijin ya miƙo wa Dakta lasisinsa, ya ce ba abin da zai hau sunansa, ya tura bakin zanin nan cikin but da kansa ya rufe.

Muka koma mota. Ko rediyon bai kunna ba. Na manne da ƙofa na ja mayafi har hanci, ina roƙon Allah ya sa kujerar ta buɗe in shige. Sai da muka shiga layin su Bashir, ya tsaya, ya kashe mota, ya yi gyaran murya yana kallon gaba.

Ya ce, "Ai dama ya matse ni, Hajiya."

Ya fita ya fara sauke shinkafa.

Ragon dai na yi masa aiki yadda ya kamata, ba wanda ya tofar da ƙashi a sunan nan. Jariri kuma da uwarsa ta shiga wanka na tura masa cokalin shayi ƙarƙashin katifa, ai shi ma ƙarfe ne, kuma ga yaron nan yanzu yana gudu yana yi mini Turancin Birmingham ta hanci. Takardar Dakta ta fito bayan 'yan watanni, ranar na yi azumin godiya ban gaya wa kowa dalili ba. Shi bai taɓa faɗa wa Hadiza zancen wandon ba. Ni ce da bakina na ba matan kicin labari tun kafin a sauke tukunyar farko, don labari mai daɗi ba ya zama a cikina ko da ni ce abin dariyar.

Yanzu duk tsohuwar da ta zo daga gida ganin jikoki, nakan zaunar da ita in gaya mata. In an tsayar da motarku a ƙasar nan, ki bar gindinki a kujera, hannunki a cinya, ki amsa abin da aka tambaye ki kawai, kada ki taya kowa aikinsa. In kuma sanyi ya sa kin ari kayan wani a gida, ki fara tambayar wa zai tuƙa ki.